Kafin ka sayi katalis: yadda ƙarfe mai daraja ke ƙone kabon monoksaid, da abin da za ka duba

Katalis shi ne abin tace hayaƙi da ke jikin salansar mota. Idan aka ajiye maka guda biyu, ɗaya mai tsada ɗaya mai araha, ido ba zai raba maka su ba. Kowanne gwangwanin ƙarfe ne mai baki biyu, a cikinsa akwai saƙa mai dubban ramuka ƙanana. Bambancinsu yana cikin 'yan giram na filatinom, faladiyom da rodiyom da aka shafa a bangon ramukan, an barbaza su ƙanana har madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu. Wannan shafen kake biya wa kuɗi. Kuma aikinsa ba ƙarami ba ne, domin kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin injin, ba shi da launi, ba shi da wari, yana kuma kama jinin mutum fiye da yadda oksijin ke kamawa sau sama da 200. Katalis mai lafiya, idan ya ɗau zafi, yana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan guba kafin ta fita daga salansa. Na banza kuwa tana bi ta cikinsa ta wuce abinta.

Tunda ba za ka ga shafen ba, sai ka san yadda yake aiki, daga nan tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa za su fito da kansu.

Abin da ke faruwa a bangon ramin

Kabon monoksaid da oksijin, idan aka bar su a iska su kaɗai, ba sa haɗuwa sai zafi ya haura digiri 600 a ma'aunin Selshiyas. Ƙarfen nan shi ke sauƙaƙa musu hanya. Ƙwayar kabon monoksaid tana sauka a kan ƙarfen a tsaye, ta manne da gefen kabon ɗinta, wuri ɗaya ya ishe ta. Ƙwayar oksijin kuwa tagwaye ce, dole sai ta rabe biyu kafin ta yi amfani, kuma ba ta rabewa sai ta sami wurare a jere da babu kowa a kai. Da ta rabe, kabon monoksaid ɗin da ke kusa sai ya matso ya ɗauki guda, su zama kabon dayoksaid, wanda ba ya iya riƙe ƙarfen sosai, nan take ya tashi ya bar wurin ga na baya. Ana kiran wannan hanya da sunan masana kimiyya biyu, Langmuir da Hinshelwood. Irving Langmuir ya wallafa bincikensa a kan wannan haɗuwa a bisa filatinom tun 1922, Gerhard Ertl na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin kuma ya bi ta daki-daki, yana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2007.

Matsalar tana nan: kabon monoksaid yana son filatinom da faladiyom fiye da kima. Idan ƙarfen yana da sanyi, sai ya mamaye ko'ina ya ƙi tashi. Ka ɗauka dogon benci ne da kowa ya zo shi kaɗai ya zauna, aka cika shi maƙil, ga wasu biyu a tsaye da ba za su zauna ba sai kusa da juna. Haka oksijin ke tsayawa, aiki ya tsaya cik. Wato gubar da ake son ƙonewa ita ce ke toshe hanyar ƙone ta. Sai zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 wasu ƙwayoyin ke fara sakin ƙarfen, oksijin ya sami gurbi, ƙonewa ta fara. Ita kuma ƙonewar tana fitar da zafi mai yawa, zafin ya ƙara korar masu zaman dirshan, wuri ya ƙara buɗewa. Shi ya sa katalis ba ya farawa a hankali, lokaci guda yake kamawa. Injiniyoyi suna auna zafin da rabin gubar ke ƙonewa, kuma da wannan adadi suke gwada katalis da katalis. A motar fetur ta zamani, kaso mafi girma na gubar da take fitarwa a tafiya yana fita ne a minti ɗaya ko biyu na farko, kafin katalis ya kama.

Abu na biyu shi ne girman ƙwayoyin ƙarfen. Zarrar da ke saman ƙwaya ce kaɗai ke taɓa hayaƙi, ta ciki zaman banza take. Ƙwayar filatinom mai faɗin nanomita 2 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kusan rabin zarrarta a waje take tana aiki. Idan zafi ya haɗe ƙwayoyin suka kai nanomita 20, wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai ke waje. Nauyin ƙarfen bai ragu ba, amma aikin ya tafi, kuma ba ya dawowa. Wannan ita ce tsufar katalis, duk kuwa da cewa daga waje ba abin da ya canza.

Na uku, shimfiɗar da aka ɗora ƙarfen a kai. Ana shafa wa saƙar garin alumina mai soso-soso, a gauraya shi da oksaid na siriyom da na zirkoniyom. Oksaid na siriyom rumbu ne na oksijin: idan iska ta yi yawa a hayaƙi ya ajiye, idan mai ya yi yawa ya saki. A bakin iyakar da ƙwayar ƙarfe ta haɗu da shi, kabon monoksaid yana iya ɗaukar oksijin kai tsaye daga wannan rumbu ba tare da jiran gurbi ba. Ka riƙe wannan, don shi kwamfutar motarka ke aunawa.

Ƙarfe uku, hali uku

Faladiyom ne ke ɗaukar mafi yawan aikin ƙone kabon monoksaid da ragowar mai a motocin fetur na yau. Yana jure zafi, shi ya sa ake sa shi a katalis ɗin da ke manne da jikin injin. Rauninsa farar wuta da dalma: man da ke da farar wuta da yawa yana dakushe shi fiye da filatinom.

Filatinom ya fi haƙuri da farar wuta, kuma ya fi dacewa da hayaƙin da oksijin ya yi yawa a ciki, wato na dizal. Amma a zafi mai tsanani tare da oksijin ƙwayoyinsa suna saurin haɗewa, don haka masu ƙera katalis na dizal sukan gauraya shi da faladiyom ya riƙe shi.

Rodiyom shi ne mafi ƙaranci a ƙasa kuma mafi tsada a cikinsu. Mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kamar filatinom, faladiyom kuwa Rasha da Afirka ta Kudu ne manyan masu haƙo shi. Gwanintar rodiyom ita ce raba oksaid na naitirojin: ya saki naitirojin ya tafi, oksijin ɗin kuma kabon monoksaid ya ɗauka. Guba biyu ke kashe juna a kansa. Saboda tsadarsa, shi ne na farko da mai son rage kuɗin ƙira zai tsuke wa hannu, kuma kai mai saye ba za ka gani ba, ba za ka ji warinsa ba.

Katalis mai aiki uku, wanda Carl Keith da John Mooney suka samar a kamfanin Engelhard a shekarun 1970, ba ya yin ayyukan nan uku tare, wato ƙone kabon monoksaid, ƙone ragowar mai da raba oksaid na naitirojin, sai injin yana cin iska da mai daidai gwargwado, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Na'urar auna oksijin da ke gabansa ce ke tsare wannan ma'auni. Idan ta lalace, ko wane irin katalis ka saka ba zai yi abin kirki ba.

Zaɓin da ke gabanka

Na asali daga kamfanin motar shi ne ma'auni. An ƙera shi don wannan injin, an zuba masa ƙarfe fiye da abin da yake bukata a ranar farko, saboda an san zai tsufa. A Amurka doka ta tilasta wa masu ƙera mota su ba da garantin katalis na shekara 8 ko mil 80,000, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin nisan da aka tanadar masa. Idan motar sabuwa ce kuma kana da niyyar riƙe ta shekaru, ni a ganina nan ya kamata kuɗinka ya tafi.

Na biyu shi ne na wani kamfani daban, amma mai shaidar gwaji, wanda aka yi shi daidai da motarka, ka kwance tsoho ka ɗaura sabo da kusoshi. Ga yawancin masu mota da ta ɗan kwana biyu, wannan ne zaɓi na hankali. Amma kalmar shaida tana da matakai. A ƙarƙashin ƙa'idar tarayyar Amurka, ana ba da garantin aikin tace hayaƙi na irin wannan katalis na mil 25,000. Hukumar kula da iska ta Kalifoniya kuwa tana neman shekara 5 ko mil 50,000, kuma don a kai can dole a ƙara ƙarfe a inganta shimfiɗa. Wanda ya cika sharaɗinta yana ɗauke da lambar izini mai farawa da harafin D, a buge a jikin gwangwanin. A Turai da ƙasashen da ke bin ƙa'idojin motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ana neman harafin E a cikin da'ira, tare da 103R da lambar amincewa. Ka juya gwangwanin ka nemi wannan tambari da idonka, a jikin ƙarfen, don kwali kowa na iya buga shi. Sannan ka tabbata an amince da shi ga irin injinka da matakin hayaƙin motarka. Katalis da ya ci jarrabawar mota ta matakin Euro 3 a ƙa'idar hayaƙi ta Turai ba zai gamsar da kwamfutar mota ta Euro 5 ba.

Na uku shi ne na gama-gari, wanda ake yanka salansa a yi masa walda. A nan ake yawan cin mutane. Akwai masu kyau a cikinsu, masu shaida, amma wurin da aka ɗaura shi yana da nauyi kamar abin da ke cikinsa. Idan na asali yana manne da injin, aka kai na gama-gari can ƙarƙashin mota saboda nan ne ya fi sauƙin walda, hayaƙi zai iso masa ya riga ya huce, sai ya daɗe bai kama ba, a gajeriyar tafiya ma wataƙila ba zai kama ba sam. Idan ya yi ƙanƙanta ga injin, hayaƙi zai ratsa shi da sauri fiye da yadda ƙarfen zai iya aiki. Idan kuma ramin na'urar auna oksijin ta baya bai faɗo inda ya dace ba, fitilar gargaɗi za ta yi ta kamawa. Waɗanda ba su da wani tambari ko kaɗan, masu arahar da ke ba ka mamaki, ka ɗauka cewa ƙarfen da ke ciki ɗan taɓawa ne, ya isa ya kashe fitila na 'yan watanni. Araha ba ta ado, a nan kuwa numfashin mutane ne ke biyan ragowar.

Na huɗu, na hannu, wanda aka ciro daga wata mota. Jan hankalinsa a fili yake, tunda na asali ne. Sai dai tarihinsa ba ya rubuce a jikinsa. Abin da za ka iya dubawa kaɗan ne, amma ka duba. Ɗaga shi ka girgiza kusa da kunne: idan ka ji ƙarar tsakuwa, saƙar ta fashe. Haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan: ramukan su fito a jere, haske na ratsa su ko'ina. Idan ka ga wani gefe ya narke ya dunƙule, ko fuskar saƙar ta yi farin toka mai ƙyalli, ko ta yi baƙin maiƙo, ajiye shi. Ko ya tsallake duk wannan, ƙwayoyin ƙarfensa na iya zama sun riga sun haɗe, kuma tocila ba ta nuna hakan. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da katalis na hannu gaba ɗaya. Ga kuma maganar sata, don ƙarfen da ke ciki ya sa ana yanke katalis daga ƙarƙashin motocin mutane a ƙasashe da yawa. Wanda aka yanke da zarto, babu bayanin motar da ya fito, kada ka taɓa shi.

Akwai kuma na masu son gudu, mai saƙar ƙarfe da ramuka 100 ko 200 a kowane inci murabba'i, alhali na yau da kullum yana da 400 zuwa 600, wasu har 900. Ramuka masu faɗi suna barin hayaƙi ya wuce cikin sauƙi, amma bangon da zai taɓa ya ragu. A motar da ba a taɓa injinta ba, ƙarfin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, gubar da za ka ƙara wa iska kuwa tabbas ce. Saƙar ƙarfe ita kanta ba aibu ba ce: tana ɗaukar zafi da wuri, tana jure girgiza fiye da ta yumɓun kodiyarait da kamfanin Corning ya fito da ita a shekarun 1970. Yawan ramuka da yawan shafe ne abin tambaya.

Cire katalis a sa bututu ziryan ba ya cikin zaɓi. Doka ta hana a ƙasashe da dama, kuma wanda ke bayan motarka a cunkoso, da yaron da ke tsaye a bakin titi, su za su shaƙa.

Dizal da gas suna da nasu. Hayaƙin dizal kullum oksijin ya yi masa yawa, kuma ya fi na fetur sanyi, don haka katalis mai aiki uku ba zai iya raba oksaid na naitirojin a ciki ba. Na dizal na ƙonewa ne kawai, mai filatinom, kuma a motocin zamani shi ke shirya hayaƙin don matatar toka da ke bayansa ta iya ƙone abin da ta tara. Ka sa mara ƙarfi a nan, matatar ce za ta toshe. Injin da ke cin iskar gas ta ƙasa kuwa yana fitar da misen, wanda ya fi duk ragowar mai wuyar ƙonewa, kuma faladiyom mai yawa yake bukata.

Me ya kashe tsohon?

Ka yi wa bakanike wannan tambayar kafin ka fitar da ko sisi. Katalis ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Fulogi ko koyil da ke fashin wuta suna tura ɗanyen fetur cikinsa, ya kama da wuta a can, zafi ya haura digiri 1,000, wani lokaci har ya narkar da saƙar. Injin da ke shan baƙin mai yana aika fosfarus da zinki su lulluɓe shafen. Ruwan sanyaya injin da ke yoyo cikin silinda shi ma haka, da gam ɗin silikon da bai dace ba. Dalma ita ce babbar maƙiyiya, dalilin da ya sa motocin Amurka na 1975 masu katalis suka zo tare da fetur mara dalma, kuma sai a 2021 aka daina sayar da mai dalma ga motoci a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Farar wuta ce kaɗai mai ɗan sauƙi, don doguwar tafiya da injin mai zafi a kan mai mai tsabta tana iya kore wani kaso nata. Ruwan wanke katalis da ake zubawa a tanki na iya rage datti, amma ba ya raba ƙwayoyin da suka haɗe, ba ya gyara saƙar da ta narke.

Lambar P0420 ko P0430 da na'urar bincike ke nunawa ma ba hukunci ba ce. Abin da take faɗa shi ne rumbun oksijin ya yi rauni a idon na'urar baya, kuma hudar salansa kusa da ita ko na'urar da ta tsufa na iya jawo haka. Ka sa a nuna maka allon yayin da injin ya yi zafi. A motoci masu na'urar auna oksijin ta gargajiya, layin ta gaba yana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ba tsayawa. Layin ta baya ya kamata ya kwanta kusan a miƙe. Idan yana kwaikwayon na gaba, hawa da hawa, sauka da sauka, to katalis ya daina ajiye oksijin. Wannan gwajin za ka sake bayan an ɗaura sabo.

Idan ba mota ba ce

Wanda ke neman abin kawar da kabon monoksaid daga iskar numfashi, kamar hular tsira daga gobara ko matatar injin cika tukunyar iska, yana wata kasuwa daban, don a can babu zafin salansa, kuma mun ga abin da sanyi ke yi wa filatinom. Tsohon magani shi ne hopkalait, haɗin oksaid na manganis da na jan ƙarfe, wanda aka samar a Amurka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana da araha, yana aiki a zafin ɗaki, amma laima tana kashe shi, don haka dole a sa abin tsotse ruwa a gabansa, kuma a ajiye shi a rufe ruf. Idan hatimin ya fashe ko wa'adinsa ya wuce, ya tashi daga aiki. Zinariya, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta da wani amfani a wannan fanni, ta ba masana mamaki a 1987 lokacin da Masatake Haruta a Japan ya nuna cewa ƙwayoyinta 'yan ƙasa da nanomita 5, a bisa oksaid irin na baƙin ƙarfe, suna ƙone kabon monoksaid har a digiri 70 ƙasa da sifiri. Ba ta riƙe gubar da ƙarfi, don haka ba ta toshe kanta, kuma 'yar laima taimaka mata take yi. Zafi mai yawa kuwa yana haɗe ƙwayoyinta, shi ya sa ba ita ce ta salansa ba. Akwai kuma filatinom a bisa oksaid na kuza, wanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta inganta, shi ma yana aiki ba tare da dumama ba. Duk cikinsu babu mai ƙara maka oksijin. Inda iska ta yi ƙaranci, matata ba ta ceton kowa.

Janareta ƙarami ne ya fi damuna. Yawancinsu da kafireto suke, suna cin mai fiye da iska, babu na'urar auna oksijin, babu kwamfuta. Katalis da aka liƙa a salansarsa ba shi da isasshen oksijin da zai ƙone gubar, sai in an ƙera shi da hanyar shigo da ƙarin iska. Ko mai katalis ne daga kamfani, a waje ake kunna shi, nesa da taga da ƙofa, kada a sa shi a ɗaki ko gareji ko da a buɗe suke. Abin da ya kamata ka saya tare da shi shi ne ƙararrawar kabon monoksaid mai shaidar EN 50291 ko UL 2034. Yawancinsu da filatinom suke aiki su ma: gubar tana ƙonewa a kan ɗan ƙarfen da ke ciki, ta haifar da 'yar wutar lantarki da ake aunawa. Wannan na'urar tana tsufa cikin shekara 5 zuwa 10 gwargwadon ƙirarta, ko da maɓallin gwaji yana ƙara, don haka ka juya bayanta ka karanta ranar ƙarewarta kafin ka biya.